Gyaɗar Kasuwa da Gyaɗar Gida

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Yamai, mu uku a motar ofis: ni, da direbanmu, wani dattijo mutumin Tawa da ba ya tuƙi sai da goro a kumatu, da wata malamar jami'a da kowa ke ce wa Dakta. A bayan mota akwai akwatin sanyi biyu babu komai a ciki, da ƙananan ledoji, da safar hannu, da ɗan sikeli. Matamaye muka nufa, garin mahaifina, kuma gyaɗa za mu ɗebo. Na san wasunku za su ce tafiyar kwana biyu don gyaɗa, alhali ga ta nan tuli a kasuwa? Ku bari in faro muku daga tushe.

Masu bibiyata sun san aikina sayar wa jami'o'i kayan ɗakin bincike ne. Yawanci kwalabe ne da safar hannu da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Amma akwai wata babbar na'ura da kamfaninmu ya ɗora mini tallarta. Sunanta da Faransanci sipektirometir da mas, mu a ofis ma'auniya muke ce mata don kada harshe ya karye. Ana ba ta ɗigon ruwa ɗaya, ta farfasa abin da ke cikinsa zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani, ta auna nauyin kowace, daga nauyin ta faɗi sunan abin da yawansa. Shekara biyu ina yawo da takardunta ofis-ofis ban sayar da ko ɗaya ba. Duk wanda ya ji kuɗinta sai ya gyara zama ya ce, "Madam, za mu kira ki." Har yau ina jiran kiran wasunsu.

Dakta ce mutum ta farko da ta so na'urar da gaske. Bincikenta a kan wata guba ne da ke fitowa a gyaɗa idan ta yi fumfuna, gubar da ke cin hanta a hankali kuma take tauye girman yara. Ɗalibanta sukan aika samfur ƙasar waje su zauna jiran amsa wata da watanni. Da ƙyar na shawo kan shugabana aka kai ma'auniya ɗakin bincikenta gwajin wata ɗaya. Sai dai duk gyaɗar da aka auna ta manyan kantuna ce, tas take, na'ura ba ta nuna komai ba. Shugaban kwamitin saye, wani tsohon Furofesa mai farin gemu, ya ce shi bai ga dalilin da za a sayi injin da ke shan kuran, wato wutar lantarki, da sanyin kilim mai sanyaya ɗaki dare da rana don ya ce babu komai ba. Saura kwana goma kwamiti ya zauna. In ba su gamsu ba, a mayar da ita akwati, ni kuma in koma tallar kwalabe. Dakta ta ce tana son gyaɗar da mutanen karkara ke ci da gaske. Na bugi ƙirji na ce ta bar mini wannan, ai ni ƴar masu gyaɗa ce. Na kira Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ke jagorantar mata masu matsar mai a unguwarsu, na ce manyan baƙi daga jami'a za su zo karɓar gyaɗa, ta sanar da mata.

Hanya ta yi mana kyau har Doso, inda muka karya da shayi da burodi mai zafi. Daga nan zuwa Dogon Dutsi gudron, wato kwaltar hanya, ya fara nuna hali, direba yana kauce wa ramuka yana yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya kamar ya san iyayensu. A Galmi albasa ta tare mu tun kafin mu ga gari, buhu kan buhu a bakin hanya. Dakta ta sauka ciniki. Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa ce, mace ta ce mata "ka", namiji ta ce masa "ki", amma a ciniki ba ta da na biyu. Mai albasar ya fara da jaka biyar a ƙaramin buhu, ta sauko da shi uku yana dariya yana cewa Allah ya isa. A Madawa muka sayi kilishi, direba ya rantse na garinsu ya fi shi, ya kuma cinye rabi. Mun shiga Maraɗi rana tana shirin faɗuwa, can muka kwana.

Washegari muka wuce Tasawa, muka iso Takeita inda hanya ta rabu, ɗaya ta miƙe Damagaram, tamu ta karya kudu. Shekara bakwai rabona da wannan hanya. Gonaki an girbe su, karan gero a tsaye, ga itatuwan gawo ko'ina sun yi kore shar a lokacin da sauran itatuwa ke zubar da ganye. Dakta ta yi ta ɗaukar hoto. Bayan Kance muka fara cin karo da amalanken shanu ɗauke da rake daga fadama. Na sa aka tsaya na sayi sanda uku, kowace dala ashirin. Na koya wa Dakta ɓare rake da haƙori, ta gwada sau biyu ta ce haƙoranta na aiki ne, ta ciro wuƙar da ta zo da ita.

Matamaye ta ƙara girma, butikai, wato shaguna, sun yi yawa, kabu-kabu sai zirga-zirga suke yi. Amma da muka shiga unguwarmu na ga abin da na sani tun ina yarinya. Kaka ta wuce, maza sun tafi cin rani Kano da Kaduna da Legas, gidaje sun zama na mata da tsofaffi da yara. Ƙamshin soyayyar gyaɗa na fitowa ta kowace katanga.

Ban gama sallama ba guɗa ta tashi. Gwaggo ta rungume ni, ta ture ni baya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiyata, wai a Yamai ba a cin abinci ne, ko takarda kuke ci?"

Ta kama hannun Dakta ta zaunar da ita a kan sabuwar tabarma. Tsakar gida cike da mata, sun kai goma sha biyu, wasu daga ƙauyen Tsauni, wasu tun daga ƙauyen Kurni, kowace da ƙwarya a gabanta an rufe da faifai. Aka kawo fura mai sanyi. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Yamai kaf har da waɗanda ba a sani ba. Sannan Gwaggo ta yi musu alama, suka buɗe ƙoransu.

Jama'a, ban taɓa ganin gyaɗa irin wannan ba. Ja jawur, ɓul-ɓul, kowace ƙwaya daidai da ƴar'uwarta, babu fasasshiya, babu mai tabo. Gwaggo ta ce kwana uku suka yi suna tsinta, tun daga ranar da na kira, har wata ta ari tabarau na mijinta don kada ko ɗaya ta kuɓuce mata. Ina ta murmushi, ina jin kaina ya yi girma a gaban baƙuwa. Da na waiwaya sai na ga fuskar Dakta. Ta matso ta raɗa mini da Faransanci cewa wannan ai ta fi ta kanti tsabta. An tsince duk abin da muka zo nema.

Sai na tuna. Tun a Yamai ta gaya mini tana son gyaɗa yadda take a buhu, ba a taɓa ta ba. Ni ce ban isar da saƙon ba. Na ce wa Gwaggo manyan baƙi, kuma a garinmu in ka ce baƙo, ka gama magana: abin da ya fi kyau za a fito masa da shi ko da gidan zai kwana da yunwa. Ni da aka haifa a nan ya kamata in san haka kafin kowa.

Mayar da kyauta kuwa ba ta taso ba. Muka auna daga kowace ƙwarya, muka zuba a leda, muka rubuta lamba, muka yi godiya. Dakta ta yi ta cewa "na gode, ka kyauta" ga kowace mace, suna ta dariya suna tafawa. Aka kawo dambun zogale da ƙuli-ƙuli da soyayyen man gyaɗa, ta ci har ta nemi ƙari. Ni kuwa hankalina yana Yamai. Ina ganin ma'auniya a cikin akwatinta ana buga ƙusa.

Bayan la'asar mata suka watse, na shiga madafa in taya ɗiyar Gwaggo aiki. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

"Ƴar birni, kin iya hura wuta kuwa, ko sai an danna maɓalli?"

Kunun gyaɗa take dama wa jikokin gidan. Na karɓi ludayi na kurɓa, sai wani ɗan ɗaci ya bi maƙogwarona, ɗacin da na sani sarai. Shekara da shekaru ina ƙorafi a Yamai cewa kununsu salam yake, ba ya da ɗanɗanon na gida. Ashe wannan ɗacin nake nema. Na tambaye ta da wace gyaɗa ta dama. Ta nuna mini wata tsohuwar tasa a bayan ƙofa da haɓarta. Na buɗe. Ga su nan, yamutsattsu, fasassu, wasu sun yi baƙi, wasu da ɗan kore-kore a tsaginsu.

"Ta gida ce," in ji ta. "Kin manta ne? Mai kyau ta kasuwa ce da baƙi. Wannan ai ba a zubarwa, kunu ne da miya."

Ban manta ba, ban dai taɓa kallonta da idon aikina ba. Na fita da sauri na kira Dakta gefe na gaya mata. Ta ce wannan ce, ita take so, tare da mai kyan, a auna duka biyun a gani.

Gwaggo tana jan carbi a ƙofar ɗakinta na durƙusa na faɗi buƙatarmu. Ta ajiye carbin.

"Ki ɗauko mace tun daga Yamai, kwana biyu a mota, in ba ta tsintar faifai? So kike a yi da ni a garin nan har in mutu?"

Na yi bayani, na kawo zancen hanta, na kawo zancen yara, na ce ba za a rubuta sunan kowa ba sai lamba. Ta ce ko lamba ko suna, hannunta ba zai miƙa wa baƙuwa wannan abu ba, kuma babu macen da za ta yarda. Dakta ta zauna a ƙasa kusa da ita ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, uwarta ma haka take yi da masara a ƙauyensu, mai kyau a sayar, marar kyau a ci. Gwaggo ta dube ta, ta ɗan yi murmushi, amma ta girgiza kai. Ni dai na riga na sallama.

Can ta ɗauki carbinta ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Baƙuwa dai ba a ba ta. Amma ke ɗiyar gida ce. In kin shiga madafar gwaggonki kin ɗebi abu, wa ya ba ki? Ni ina nan ina lazimi, ban ga komai ba."

Wallahi sai da na yi tsalle. Dakta ba ta gane ba sai da na fassara mata, ta rufe baki tana dariya har da hawaye. Ta miƙo mini safar hannu da abin rufe hanci, ta ce ƙa'ida ce, ba a taɓa samfur da hannu tsirara. Na sa, na shiga madafa, na ɗebi gyaɗar tasa na ɗaure a leda. Da na fito na ga Gwaggo da ta ce ba ta ganin komai ta ƙura wa hannuwana ido.

Kafin magariba saƙo ya zaga unguwa, ban san ta yaya ba. Washegari na fita gaishe-gaishe ni kaɗai da jakata, Dakta da direba suna jira a mota a ƙarƙashin bishiya. Kowane gida na shiga, a gaisa, a tambayi aiki, sai matar gidan ta tuna tana da shanya a bayan ɗaki, ko akuya ta kwance, ta bar ni da madafa a buɗe. Wata tsohuwa ma da ta ga ina lalube ta ɗaga murya daga bayan gida tana yi wa akuyarta faɗa: "Ke, ba nan ba, ƙarƙashin gado!" A can kuwa na same ta.

Haka muka yi a Tsauni, haka muka yi a Kurni. Hanyar Kurni yashi ne, motarmu ta kafe sau ɗaya, wasu tsofaffi biyu da ke dawowa daga fadama suka tura mu, suka ƙi karɓar ko sisi, sai ma suka ɗora mana mazarƙwaila. A ƙauyukan ba kowa ya san ni ba, amma da an ce jikar gidan wane ce, an gama, na zama ƴar gida. Kowane gida kuma sai an ba ni tsarabar gaske a fili: ƙuli-ƙuli, kwalbar mai, kuka, har da zabo mai rai. Direba ya ce shi bai taɓa ganin ɓarauniyar da ake raka ta mota da kaya ba.

Da sassafe muka yi sallama. Gwaggo ta raka mu har bakin titi, ta yi wa Dakta addu'a doguwa, ta ce Allah ya sa su sayi injin ɗiyarta. Dawowa ba mu tsaya ciniki ba. Akwatunan sanyi cike, zabo yana kuka a baya tun daga Takeita har Maraɗi, inda direba ya yanke hukuncin a soye shi. Kwana biyu muka shiga Yamai da ƙurar hanya da ciwon baya.

Ɗaliban Dakta suka kwana uku suna aiki. Suka niƙa kowane samfur daban, suka jiƙa a ruwan sinadari, suka tace, suka zuba a ƴan kwalabe kamar na turare. Lamba ce kawai a jiki, ni kaɗai na san gidan da kowace ta fito.

Ranar zaman kwamiti mutum biyar suka tsaya a gaban allon na'ura. Dakta ta ce Furofesa ya zaɓi kwalba da hannunsa. Ta farko layi ya miƙe ɗoɗar, babu komai. Ta biyu ma haka. Ya dubi agogo. Ta uku layin ya tafi kwance, ya tafi, sai ya miƙe sama tsaye kamar turmi a tsakar gida. Furofesa ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce a sake. Aka sake, ya fito daidai wurin. Ya ja kujera ya zauna, wanda ya ce minti goma zai yi, sai da aka auna duka. Wasu na gida sun fito tas. Da yawa ba su fito ba. Ɗaya daga cikin kyawawan nan da aka tsince da tabarau ma ta nuna ɗan tsiro kaɗan. Ya ɗauki ledar ya juya ta a hasken taga, ya ce shi da idonsa da ya ba jikansa wannan. Ya tambayi inda aka samo mai dogon layin. Dakta ta ce daga abin da ake dama wa yara kunu.

Bai ƙara tambayar kuran ko kilim ba. Ya juya ya ce, "Madam, kawo takardunki." A gabana suka sa hannu su biyar. Ɗalibai suka ɓarke da tafi, Dakta ta rungume ni tana cewa "ka yi ƙoƙari, ka yi ƙoƙari." Na yi farin cikin da ban yi irinsa ba tun ranar da na karɓi takardar gama karatu. Amma a cikin farin cikin akwai abin da ya tokare ni, don na ga lambar kwalba ta uku, kuma na san madafar da na ɗebo ta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa, amma ya shige ni. Shekara biyu ina tallar ma'auniya da takardu masu sheƙi, ina lissafa abin da take iya yi, ban taɓa tambayar kaina wa za ta amfana ba. Sai da na koma gidanmu na gani. Na kuma koyi cewa in za ka aika saƙo gida, ka faɗi abin da kake so dalla-dalla, don mutanenmu karamcinsu ya fi saurin kunnensu.

Da yamma na zauna a ƙofar ɗakina na kira Gwaggo. Tun kafin gaisuwa ta ƙare ta ce, "Sun saya?" Na ce sun saya. Guɗar da ta rangaɗa sai da na janye wayar daga kunne, ina jin taubashiyata tana ihu daga madafa wai a aiko mata da kasonta. Na bari suka lafa. Na yi ta juya maganar a baki, sannan na ce, "Gwaggo, akwai zancen gyaɗar gida. Ta wajenki injin ya nuna..."

"Na sani," ta katse ni.

Na ce ta yaya ta sani, bayan ko awa uku ba a yi da aunawa ba?

"Ɗiyar ƙanena, da na raine ki da kunun nan, na ga kin sa safa a hannu kin rufe hanci kafin ki taɓa shi. Wane inji kuma zan jira? Tun ranar da kuka tafi na sa aka binne tasar. Jikokina ta kasuwa nake dama musu." Ta yi dariya. "Sai ƙorafi suke yi, wai kunun ya yi salam."